Tekun da Na Rataye a Kife

Jumma'a, 9 ga Mayu, 2025

Alhamdulillahi! Saƙon jikata Humaira ya iso daga Badagiri, inda take bautar ƙasa. Idris direban motar albasa ya kawo shi naɗe cikin buhu. Hoto ne babba cikin gilashi, ita ta ɗauka da hannunta: teku da faɗuwar rana. Ja sama, ja ƙasa, rana a tsakiya kamar garwashi. Ni Magaji na Kimba, wanda sai da furfura ta fito na shiga ajin yamma na koyi riƙon alƙalami, yau jikata ce ke ɗauko teku ta aiko mini gida. Bayansa babu marataya, sai na ɗaura igiya da kaina na kafa ƙusa a zaure. Sau nawa na bar tuwo na fita na sake dubansa, ban sani ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Duk wanda ya gifta ƙofa sai na jawo shi zaure. Har mai tallan kifi.

Talata, 13 ga Mayu

Bayan la'asar dattawan majalisa suka zo gani, har da liman. Ina cikin nuna musu farin girgijen da ke saman hoton sai ga Ɗalha, wanda ya taɓa bin motar albasa kudu yana saurayi, tun ran nan kuma bai bar kunnenmu ya huta ba. Ya tsaya, ya karkata kai, ya ƙara karkatawa, sai ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi.

"Magaji, girgijen ga naka kumfar ruwa ce! Ka rataye teku bisa. Ku dubi tsuntsayen ga, rigingine suke tashi!"

Bai tsaya nan ba. "Ashe karatun yamma bai kai ku sama da ƙasa ba."

Liman ma ya rufe baki da rawani. Na sauke hoton na juya shi a gabansu. Ya fi kyau hakan, amma wuƙa a wuya ba zan faɗa ba. Da ya ja ni gefe ya raɗa mini, me zai ragu da shi? A zaurena. Gaban hoton jikata.

Jumma'a, 16 ga Mayu

A kasuwar Jega wani dillalin albasa da ban ma san sunansa ba ya ce, "Sannu, Mai teku bisa." Har can ta kai.

Asabar, 17 ga Mayu

Matata Luba ta ce in bar maganar, wai tare muka yi kiwon awaki da Ɗalha. Mace ba ta zaman majalisa, ba ta san yadda dariya ke manne wa mutum ba. Na yi tunanin hana shi irin albasa bana. Ƙarami ne. Abin da aka yi mini gaban mutane, gaban mutane zan rama shi.

Alhamis, 22 ga Mayu

Na samu! Humaira za ta zo babbar Sallah da na'urarta ta ɗaukar hoto. Na ce mata a waya ina son hoton dattawan majalisa duka a bakin gulbinmu da faɗuwar rana, a wanke babba, a rataye kusa da tekun. Ta ce, "An gama, angona, in dai za ka rina gemu." Ja'ira. Ban gaya mata sauran ba: Ɗalha ba ya ciki. Ya zo zaure ya karkata kai yadda ya so, ba zai ga kansa ba. Jikoki su tambaya ina Ɗalha, a ce ba a ƙirga shi cikin dattawa.

Jumma'a, 30 ga Mayu

Na gayyace su a majalisa ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa. Da na zo kansa na tsallake. Ya duƙa yana gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Daɗi har wuya.

Lahadi, 8 ga Yuni

An yi hoton, amma an ɓata mini.

Yarinyar nan ta san aikinta. Ta kafa na'urar bisa sanda mai ƙafa uku, ta durƙusa cikin yashi, ta jera mu da manyan riguna, sannan ta ce a jira. Wai rana ba ta nuna ba tukuna, sai ta yi ja ta kwanta bisa ruwa. Liman na ta duban yamma saboda magariba.

Sai ga Ɗalha can gefe, wai babur ya kawo wanki. Da rigar Sallah. Humaira ta je ta gaishe shi. "Baba Ɗalha, an ce kai ka gyara mini tekuna. Taho ka shiga." Gaban mutane ban iya cewa a'a ba. Na dai raɗa mata ta ajiye shi can ƙarshen layi.

Na ji ɗan abin da yake ce mata kafin a jera. Tambayarta yake ko har yanzu tekun yana ruri kamar manyan motoci. Ko ta ɗanɗana gishirinsa. "Ɗiyata, na daɗe ina faɗi garin ga cewa na ga ruwan da ba shi da tsallake, ana ce mani maƙaryaci. Ran da na ga hoton nan naki…" Ban ji sauran ba. Ban nemi ji ba.

Litinin, 9 ga Yuni

Na ce ta yanke shi kafin a wanke. Ta nuna mini a na'urar. Ranar tana zaune daidai kafaɗarsa. "Angona, zaɓi. Ko rana da Ɗalha, ko ba Ɗalha ba rana." Na ce yanke. Ta dube ni, ba ta yi dariya ba.

Laraba, 11 ga Yuni

Faɗuwar rana babu rana, ai wata dariyar za a yi mini.

Asabar, 14 ga Yuni

An kawo daga Jega, ba a yanke komai ba. Ba don shi ba, ranar ce ban so a taɓa. Na sa an wanke biyu, ko ɗaya zai fashe. Na biyun Luba ta ce ta san inda zai zauna lafiya, ta yafa mayafi ta fita da shi.

Ban tambaye ta ba.