Wata Yarinya Ce Ta Aiko Ni

Litinin, 3 ga Maris

Ban faɗa wa kowa ba. Tunda na shiga sakandare ban yi ƙawa ko ɗaya ba. In an fita tara, bayan aji nake zuwa, in yi ta gyara igiyar takalmi har a kaɗa ƙararrawa. Mama ba ta tambaya ba, ni ma ban ce ba.

Laraba, 5 ga Maris

Gidanmu ya zama shago. Tunda Mama ta rufe na kasuwa ta koma sayar da jakunkuna a waya, kullum kanta a sunkuye. "Akwai, Hajiya, har da ruwan toka," da murya mai daɗi. Ni kuwa sai, "Ke, miƙo almakashi." Mai babur ya zo ya kwashe kaya, ba ma ko ganin fuskar mai saye.

A kan bencin Kaka ake jibge kwalayen. Da can matan unguwa ne ke cika bencin, don Kaka ungozoma ce tun kafin a haifi Mama. Mai ciki, mai goyo, wadda ɗanta ya ƙi cin abinci, kowa da tambayarta. Yanzu waya suke tambaya. Kaka ta ce, "Ashe an haifo wadda ta fi ni. Ba ta ci, ba ta sha, sai caji." Ta yi dariya. Amma kullum da safe sai ta share gaban bencin.

Asabar, 8 ga Maris

Yaya na wanka, na ɗauki wayarta na rubuta: yadda ake yin ƙawa. Wata mata ta fito, fuskarta sai ƙyalli. Wai ki tsaya gaban madubi ki ce ke sarauniya ce. Daga nan ta shiga tallar man shafawa.

Na gwada. Yaya ta leƙo, "Ke da wa kike magana?" Na ce hadda nake. Kunya kamar in nutse.

Lahadi, 9 ga Maris

Yau ma ba wanda ya yi wa Kaka sallama.

Talata, 11 ga Maris

Na kai wa Kaka ruwan alwala, kawai sai na ji bakina ya ce, "Kaka, wata yarinya ce a ajinmu ta aiko ni."

Zo ka ga yadda ta miƙe zaune! Ta gyara ɗankwali, ta lalubo tabarau. "Me ke damunta?"

Na ce ba ta da ƙawa, kuma magana nauyi take mata.

Kaka ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Ki ce mata ta ari abu. Kada ta bayar, ta ara. Ko tana da shi, ta ara. Ɗan Adam ba abin da yake so kamar a zo nema a wajensa."

Da ta faɗi haka, bencin ta kalla. Ban sani ba ko ta san ta kalla.

Alhamis, 13 ga Maris

Wata mai tabon goshi da ke zama gefena a aji rula biyu gare ta. Na buɗe baki, sai na tuna tawa na cikin jaka, sai na ji kamar kowa ya sani. Na koma wajen igiyar takalmina.

Da na dawo Kaka ta ce, "Ya mai jiki?"

Na ce da sauƙi.

"Ja'ira. Ki ce mata ta zo da kanta. Ni ba waya ba ce, sai na ga ido."

Lahadi, 16 ga Maris

Na kwashe kwalayen daga kan benci na jera su a bayan ƙofa. Mama ta ce wa ya sa ni. Na ce rana ce ke cinye musu kala. Ta ce to, ta koma kan wayarta.

Na zauna a bencin. Kaka ta fito ta zauna kusa da ni, sai ta hau warware mini kitso. Ban ce ni ce ba. Ita ma ba ta sake tambayar mai jiki ba.

Na haɗa jakar makaranta. Rular tana ƙarƙashin filo. Gobe zan ce mantawa na yi.