Guntun Ƙarfen da Bai Isa Kaduna Ba

Birnin Gwari,
Litinin, 19 ga Satumba, 1955.

Takarda daga hannun ƙanwarka Huraira zuwa ga Yayana Abarshi, ma'aikacin reluwe a Kaduna. Gaisuwa mai yawa da girmamawa da begen ganinka. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Yaya Rabi'atu da yara, Allah ya ƙara muku rufin asiri, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da wuta a wurin aikinka, amin. Mu nan sai godiya. Huseina ta yi zazzaɓi kwana huɗu amma ta miƙe, Gambo kuwa haƙoransa biyu na gaba sun faɗi, yana ta nuna wa kowa giɓin kamar abin arziki. Damina ta yi albarka ga waɗanda suka yi shuka. Mu dai ka sani, rasuwar Malam ta zo daidai lokacin shuka, gonarmu ciyawa ce ta ci ta.

Bayan haka, takardarka ta zo hannuna tare da sabulu da gishirin da ka ba Maiturare ɗan fatauci, Allah ya saka da alheri. Ka yi haƙuri da rubutuna, iyakar abin da na samu ke nan a ajin yaƙi da jahilci da matar malamin makaranta ta yi mana a cikin gida. Da na aika an rubuta mini a ƙofar kotu da ya fi kyau, amma abin da zan faɗa maka ba na so ya bi ta kunnen kowa. Yau wata uku da rabi ina takaba, saura kwana ashirin da uku in fita. Ba kwalli ba lalle, ban taka ko bakin zaure ba. Na san kowace tsaga ta katangar gidan nan, na san lokacin da inuwar gwanda ke kai bakin rijiya. Duk abin da nake so daga waje sai dai wani ya gano mini da idonsa, ya zaɓo mini da hannunsa, kuma a nan ne wahalata take.

Ka ce ka ga wani sabon injin markaɗe na hannu a kanti, kore shar, ya fi wanda muke da shi girma, akawun kantin kuma ya rantse maka har jikokina za su gaje shi, kana so ka saya mini in riƙa ciyar da yara. Yaya, na yi kuka da na karanta, don na san daga bakin iyalinka za ka cire. Amma kada ka saya tukuna sai ka ji abin da ban faɗa maka ba ran da ka zo gaisuwa, saboda mutane sun cika ɗaki. An gaya maka ruwa ya ci Malam a hanyar Kaduna. Ba a gaya maka abin da ya kai shi hanyar ba. Ni na kai shi.

Shekara biyu da suka wuce wani baƙon ɗan kasuwa ya sauka garin nan da injuna uku, yana markaɗa gyaɗa a gaban jama'a. Malam ya dawo yana ba ni labari, na hana shi sakat sai da ya sayar da tunkiyarsa ya kawo mini ɗaya. Ban tambayi kome ba. Na ga ja ne yana walƙiya, na ga aikin yini guda a dutse yana ƙarewa kafin a dafa koko. Gaskiya ya yi mana rana. Matan unguwa suna shigowa da wakensu da gyaɗarsu da tattasai, in juya musu, kowace ta bar mini ɗan abin da ta zo da shi, ba mu rasa na miya ba ko rana ɗaya. Kasuwa ce ta biyo ni har cikin gida. Sai girman kai ya shige ni. Dutsen niƙan Inna, wanda ka sha ɗauka mata kana ƙunƙuni, wanda ita ma a ɗakin uwarta ta same shi, na ɗauke shi na ba maƙwabciyata Ladi a gaban mata, ina dariya ina cewa ni da durƙuso mun yi sallama. Ladi kuwa da ta tashi aurar da 'yarta sai ta sa shi cikin kayan ɗaki, yanzu yana can Kusasu. Kyautar da ita ma aka yi kyauta da ita, da wane baki zan ce a dawo da ita?

Bayan ƙaramar Salla da kwana shida injin ya yi ƙara, hannun ya saki yana juyawa a banza. Malam ya kwance shi, muka ga ƙarfen nan na ciki mai murɗe kamar igiya, wanda ke tura hatsi cikin haƙora, ya karye biyu. Aka kai wa Usman maƙeri. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce ƙarfen zubi ne, in ya sa shi a wuta ya buga zai farfashe kamar kasko, da fartanya ce ko gatari da bai kwana ba. Mai sayarwar kuwa ko sunan garinsu ba wanda ya sani. Malam ya ce in yi haƙuri sai rani, tunda ruwan farko ya cinye kwalbatin hanya, mota ba ta shigowa. Ni kuwa mata suna ta sallama da ƙorensu suna komawa, gida ba dutse, sai in je aro kamar sabuwar baƙuwa. Kwana takwas ina yi masa mita. Ran na tara ya ƙulle guntun ƙarfen a tsumma ya sa a aljihun taguwa, ya ce zai yanka ta daji ya tari mota a babbar hanya, ya zo wurinka ku nemo irinsa. Har da wasa ya yi mini, ya ce in ya dawo zai ɗaura mini aure da injin ya huta. Ranar ko ɗigo bai sauka a kanmu ba. A can gabas aka yi ruwan, ya taho ya same shi tsakiyar mashigin kogi. Bayan kwana biyu Fulanin rugar Modibbo suka gan shi a maƙale cikin saiwoyi. Da suka kawo shi, tsohon nasu Modibbo ya aiko mini da tsumman a ƙulle yadda yake, ya ce ba su san ko mene ne ba, amma sun ga an ɗaure shi da kyau, sun san abu ne mai daraja. Da na sani ƙeya ce, Yaya. Allah ya gafarta masa, ni ma ya yafe mini.

To ga inda nake yanzu. Rumbu ya kai ƙasa, sai na sa Huseina ta shiga ciki take iya taɓo dawa. Yaya Audi, wan marigayi, ya zo daga Gwaska bayan sadakar arba'in, ya ga ba ni da abin niƙa, ya je kasuwa da kansa ya sayo dutse ya sa aka ɗauko. Alheri ya nufa. Amma namiji ina ya san dutse? Ya zaɓo mai fari mai santsi, kyan ɗan maciji. Da ni ce, da na yi yadda Inna ta koya mini, a zuba ruwa a goga da ɗansa, a shafa ruwan a tafin hannu, a kai bakin haƙori, in ya yi ƙas-ƙas a bar wa mai shi kayansa. Wannan kuwa ko koɗa shi na yi sai ya zubo gari kamar bangon da gara ta ci. Rabi garin dawa, rabi yashi. Na tankaɗe sau uku, a banza. Matan da suka so su taimake ni suka kawo niƙa, kowace daga sau ɗaya ba ta sake ba, ban kuwa ga laifinsu ba.

Makon jiya Yaya Audi ya sake zuwa. Na yi tuwo na aika masa zaure. Loma ta biyu na jiyo tsakuwa ta yi ƙara a haƙorinsa tun daga inda nake zaune bayan zana. Ya janye hannunsa ya wanke. Sa'an nan ya ce, a hankali ba da faɗa ba, shi ba zai iya barin 'ya'yan ƙaninsa suna cin ƙasa ba alhali rumbunsa uku a Gwaska. Ya ce ranar da na fita takaba zai zo, in ya tarar da wata sana'a a hannuna da za ta riƙe murhu, zai bar mini su, ya riƙa aiko da abin da ya samu. In kuwa babu, zai tafi da su, in na so ganinsu hanya a buɗe take. Hanyar Gwaska, Yaya, wadda ko jaki sai ya yi shawara. Bakina ya cika da magana, ina so in ce dutsen da ka sayo ne ya cuce mu, amma yaya zan dubi wan mijina in kushe kyautarsa? Na ce masa to, Allah ya kai mu. Gidan Baba ya rushe, ɗakinka ɗaya ne a bariki kai da mutum shida. In aka ɗauke yaran nan ban san me zan zauna ina tsaro a nan ba.

Shi ya sa na daɗe ina juya takardarka. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, kuma da son raina ne da ban ƙara taɓa inji ba har abada. Amma ko dutse mai kyau na samu, bayana ba zai niƙa abin da zai ciyar da mutum uku ba, tun haihuwar Gambo bai koma daidai ba. Injin nake tsoro, injin ne kuma kaɗai ƙofar da ta rage. Ga shi nan a kusurwar ɗaki na rufe shi da tabarma, duk jikinsa lafiya, hannunsa da haƙoransa, abu guda ne ya rasa. Saboda haka ba sabo nake so ba. Sabon nan kore, shi ma wata rana cikinsa zai karye, sa'an nan wa zan aika?

Abin da nake roƙonka shi ne ka nemo irin ƙarfen da ya karye. Kada ka fara da kanti. Ka sa Yaya Rabi'atu ta shiga gidajen masu ƙosai da masu ƙuli-ƙuli, ta duba wadda fentin injinta ya goge har ƙarfe ya yi baƙi amma tana nan tana juyi, ta tambaye ta sau nawa ya karye, kuma a ina ta sami gyara. Mai sayarwa bakinsa zuma ne, mai markaɗe ita ta san gaskiya. In ka je inda ta ce, kada ka yarda da a ce za a aiko daga Ikko, a ɗauko maka a gabanka, ka ɗora shi a kan guntun ka ga murɗin ya hau daidai, ka ƙwanƙwasa ka ji yana amo, ba ya yi dum kamar tulun da ya tsage ba. In da hali ka sayi biyu. Ka kuma kai wa maƙeran wurin aikinku su gani, tunda kai ka ce mini suna da wutar da ke liƙe ƙarfe, ko Allah zai sa su iya. In duk an rasa, sai dole sabo, to sharaɗina ɗaya ne, wanda kayan cikinsa ke jibge a kanti kana gani da idonka, ko da mummuna ne kamar kwaɗo. Launi na riga na saya sau ɗaya, na ga abin da ya ci mini.

Ka gaishe mini da Yaya Rabi'atu, ka ce na gode da gishiri, na san ita ta tuna. Ka gaishe da Azumi da Kadijatu da ƙannensu, ka ce wa Azumi ta riƙe karatu, ga shi yau ya yi wa gwaggonta rana. In ka bi ta Zariya ka gaishe da Gwaggo Hajjo, kada ka faɗa mata maganar Gwaska, ba za ta yi barci ba. Huseina da Gambo suna gaishe ka. Ba su san kome ba tukuna, Gambo ma murna yake baffansa ya ce zai ba shi ɗan akuya.

Ƙullin da Maiturare zai ba ka tare da takardar nan, tsumman Malam ne, ban kwance shi ba, ƙullin hannunsa ne. Kai za ka kwance. Ƙarfen nan ya taɓa kama hanyar gidanka bai isa ba, yau ga shi ya iso, ka ƙarasa masa abin da ya fita nema. Maiturare zai juyo bayan mako biyu, ka ba shi saƙon, shi ta babbar hanya yake zagayowa da jakuna, ba ya yanke. Na san halinka, kana gama karantawa za ka ce bari ka kawo da kanka don ya yi sauri. Na haɗa ka da Allah da darajar Inna kada ka zo. Kogin bai janye ba. In saƙon ya makara, gara in bi yarana da ido su tafi Gwaska da ransu, da in sake aiken wani namiji nawa ya ƙetare ruwa saboda injin nan.

Allah ya sada mu da alheri. Haza wassalam.

Ni ce ƙanwarka,
Huraira.