Ni na girgiza gadar, wani aka ɗora wa laifin

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don girman Allah a sakaya sunana. Kuma kafin ku fara zagina ku bari in kai ƙarshe, domin duk abin da za ku faɗa na riga na faɗa wa kaina ninkinsa. Shawara na zo nema, kuma lokaci ya ƙure mini.

Ni magidanci ne, ma'aikacin gwamnati, ina zaune a Malali cikin Kaduna, furfura ta fara cin gemuna. Duk wanda ya san ni ya san ni da barkwanci da ƙarin gishiri. Idan na ga ɓera da safe, kafin azahar ya zama gafiya a ofis, kafin magariba kuwa a majalisa ya kai girman ɗan akuya. Kowa ya sani, kowa na dariya, ni ma ina jin daɗin a ce in ba ni a wuri hira ba ta yi ba. Ban taɓa zaton wannan halin zai zame mini igiya a wuya ba.

Ina da taubashi, ɗan goggona, bari in kira shi Alhaji Sale ko da yake ba sunansa ke nan ba. Gida ɗaya muka tashi. Ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, saboda haka tun muna yara "bawana" nake ce masa, shi kuma ya ce mini "ubangidan da ko kaza ba shi da ita". Ba irin tsiyar da ba mu yi wa juna ba. Na taɓa ɓoye masa takalmi a masallacin Juma'a, shi kuma ya taɓa zuba mini barkono a shayi a gaban baƙi, kuma ba mu taɓa kwana da fushin juna ba. Babbar 'yarsa, in kira ta Hafsat, rabin girmanta a gidana ta yi shi, Baffa take ce mini. Akwai mai nemanta, in kira shi Nura, ɗan Rigasa, injiniya ne da aiki ya kai Kalaba. Suna son juna, manya sun shiga magana, sa rana kawai ya rage.

Da Alhaji ya yi ritaya likita ya ce hawan jininsa na bukatar hutu, ya ɗan bar Kaduna da hayaniyarta. Ni na kawo shawarar mu tafi kudu, wajen Kalaba, mu ga dajin nan da ake ba da labari. Nura na jin haka ya ce shi zai shirya komai. Ya tarye mu, ya kama mana masauki a wani wurin shaƙatawa can cikin daji, ɗakunan katako a gindin tsauni. Jama'a, ban taɓa ganin kore irin wannan ba. Bishiya ce za ka ɗaga kai neman ƙarshenta sai hularka ta faɗi. Ruwan sama ba ya sallama, yanzu rana, yanzu kamar an kifar da tanki. Muka shiga kwalekwale, muka yi wanka a inda ruwa ke zubowa daga kan dutse da sanyin da ya sa Alhaji yin salati da ƙarfi, muka ci gasasshen kifi da agada, birai na leƙen mu kamar su ne masu masaukin. Alhaji ya riƙa barci har hantsi, fuskarsa ta washe. Ya ce mini, "Ubangida, yau dai ka yi abin kirki guda a rayuwarka." Shi kuwa Nura, saboda kunyar suruki, ko abinci ba ya ci a gabanmu. In muna tafiya yana can baya ɗauke da jakunkuna, in an yi masa magana sai ya rusuna.

Ranar da za mu baro sai aka kai mu wata gadar igiya da aka ɗaura a saman bishiyoyi, daga wannan zuwa waccan. Faɗinta bai wuce na mutum ɗaya ba, katako a ƙasa, raga a gefe, in ka leƙa ba ka ganin ƙasa sai ganye da hazo. Mai yi mana jagora ya ja mana kunne: a bar tazara, ba gudu, ba tsalle. Ya wuce gaba ya tsallaka. Alhaji ya bi shi, ni ina biye, Nura kamar kullum can baya. Da zai taka Alhaji ya waiwayo ya ce, "In ka ji tsoro ka riƙe rigata, na san gwiwoyinka sun fara kaɗawa." To kun ji abin da ya shiga kaina. Muna kaiwa tsakiya na kama igiyoyin gefe, na lanƙwasa gwiwa, na girgiza gadar da duk nauyina, na ƙara girgizawa. Har na shirya abin da zan ce: bawana, ina jarumtar? Maganar ba ta fito ba. Katakon a jiƙe yake, ƙafarsa ta zame ta shige tsakanin katako da raga, ya faɗi a kan gwiwa, har sai da na ji ƙarar gwiwar. Yana ta "Innalillahi", rabin jikinsa na lilo a cikin raga.

Me na yi? Ni jarumin majalisa? Tsugunawa na yi na ƙanƙame igiya. Nura ne ya jefar da jakunkuna ya sheƙo da gudu, ya tsallake ni, ya je ya rungumo shi. Gudun nasa ya sa gadar ta ƙara rawa, kuma a daidai lokacin Alhaji ya waiwayo. Abin da idonsa ya gani shi ne ni a tsugune, Nura kuma yana gudu a kan gada.

A asibiti aka ce jijiyar gwiwa ta tsinke, jininsa kuma ya hau sosai har likitoci suka tsorata. Da ya dawo hayyacinsa muna tsaye a kansa ya ce, "Wa ya girgiza gadar nan?" Nura ya sunkuyar da kai. Na buɗe baki, wallahi da niyyar in ce ni ne, sai na ga robar ƙarin ruwa a hannunsa, na ga yadda idonsa ya yi ja, sai na ji bakina ya ce, "Ka san yaran yanzu da rawar kai." Nura ya ɗago ya dube ni. Kallo ɗaya, ya mayar da kai ƙasa ya ce, "Allah Ya ba da haƙuri, Abba." Alhaji ya juya masa baya.

Da na tsaya nan ma da sauƙi. Muna dawowa Kaduna majalisa ta taru a kaina, kowa na son labari, ni kuma kun san ni. Gadar ta zama mai tsayin da gajimare ke wucewa ta ƙarƙashinta. Ni na fizgo Alhaji da hannu ɗaya. Da wani ya ce to shi yaron me ya kai shi gudu, sai na ce ai hoto yake ɗauka yana tsalle don ya tura wa budurwa. Me ya sa na faɗi haka? Don a yi dariya. An kuwa yi. Kafin mako ya zagayo maganar hoton ta isa kunnen Hajiyar Alhaji, ta isa Rigasa, ta dawo. Abin mamaki, mutanen da ba su taɓa yarda da labarina ba, wannan guda sun yarda da shi. Alhaji, wanda yanzu sai da sanda yake zuwa masallaci, ya ce wanda ya mayar da ransa abin wasa ba zai riƙe masa 'ya ba.

Hafsat ta zo gidana idanu a kumbure. Ta ce, "Baffa, kai kana wurin. Nura ya ƙi gaya mini komai, sai dai ya ce in yi haƙuri. Don Allah da gaske tsalle yake yi?" Na ce mata ta sha ruwa tukuna. Ruwa! Abin da na iya ce wa yarinyar da na goya a kafaɗata ke nan.

Shi ma Nura ya zo Kaduna, ya same ni a ƙofar gida ya durƙusa ya gaishe ni kamar ba abin da ya faru. Na ce, "Nura, ka ga abin da ya faru a gadar nan?" Ya ce, "Na gani, Baffa." Na ce, "To me ya hana ka faɗa?" Ya ce, "Ba bakina ne zai faɗa ba." Na ce, "Ko da za ka rasa ta?" Ya ce, "In na ce Baffanta ya yi ƙarya, da wane ido zan shiga gidan? Kuma wa zai yarda da ni a kanka?" Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Washegari na tafi wurin Alhaji. Na same shi a falo ya ɗora ƙafar a kan matashi. Na zauna na cire hula na ce, "Bawana, magana zan yi ba wasa. Ni na girgiza gadar nan." Ya dube ni, sai ya fashe da dariya har da tari. Ya ƙwala kira, "Hajiya, zo ki ji sabuwa! Mutumin da ya ce ya ga biri yana alwala a dajin nan, yau kuma shi ne ya girgiza gada." Na ce wallahi da gaske nake. Ya ce, "Wallahinka nawa na ji tun muna yara? Na san don Hafsat kake yi, kana so ka ɗauke wa yaron laifi. Allah Ya bar zumunci." Sai dariyar ta ɗauke daga fuskarsa, ya ce, "Amma kada ka sake yi mini irin wannan wasan. Domin in da kai ne da gaske, ka zauna a gefen gadona kana ɓare mini lemo ina tsine wa ɗan mutane, to ko gawata ban yarda ka sallata ba." Na mayar da hulata. Na yi dariya, jama'a. Na ce, "Ka gane ni ke nan."

Yanzu ga inda nake. Ranar Asabar ɗin nan manyan Nura za su zo daga Rigasa jin magana ta ƙarshe. Alhaji ya ce ba zai iya zama da su ba, ni zan wakilce shi, ni zan ce musu a haƙura, kowa ya nemi wani. Ni! In na faɗi saƙon kamar yadda aka ba ni, na raba yara biyu da ba su yi mini komai ba, kuma Nura zai zauna a can bayan iyayensa yana kallon bakina. In na ce zan faɗi gaskiya, wa zai yarda da ni ban dafa Alkur'ani ba? In kuwa na dafa Alhaji ya yarda, likita ya ce a kiyaye masa duk abin da zai tayar masa da hankali. In jinin ya hau ya faɗi a gabana fa? In bai faɗi ba ma, kun ji abin da ya ce game da gawarsa, kuma shi ba irina ba ne, in ya faɗi magana haka take. Ko maman yarana ban gaya wa ba, tana dai tambaya me ya sa na daina fita majalisa.

Shin in dafa Alkur'anin a gabansa mu biyu kafin Asabar, ko in fara samun wani babba a dangi ya zauna a tsakani? Ko in faɗa a gaban mutanen Rigasa kowa ya ji, tunda a gaban mutane na ɓata yaron? Na yi shekara da shekaru ina ƙarya ana dariya, yau ga gaskiya guda a bakina an ƙi karɓa. Don Allah ku gaya mini, me zan yi?