Kada a Kashe Akwatin Auta

Zuwa ga Mamana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙarin haƙurinmu? Mu nan da sauƙi, sai dai Ummanku har yanzu ba ta taka ɗakin Auta ba, in za ta wuce ƙofar ma sai ta kawar da kai.

Na rubuto ne don a waya muryata ba ta kai ni ƙarshen magana. Kin san baƙin akwatin nan da ƙaninki yake takawa da ƙafa, mai canza wa jitarsa murya? Ranar da ya fita bai dawo ba, a kunne ya bar shi. Shekaranjiya na shiga in kashe, sai na ga wata 'yar fitila tana ƙiftawa. Na sa hedifon ɗinsa a kunne. Mamana, sai ga Auta yana kiɗa! Bai kai minti ɗaya ba, in ya ƙare ya sake farawa. Akwai inda yatsansa yake ɗan zamewa, kullum a wuri guda.

Abokinsa mai ganga da ya zo gaisuwa ya ce irin wannan akwatin ba ya ajiye kiɗan, riƙe shi kawai yake yi, da an kashe ya tafi ke nan. Nan take na kinkimo injin batirin shago na jona masa, kada batirin cikinsa ya ƙare in wuta ta ɗauke.

Ki ji abin kunya. Shekara uku ba ni da magana sai ya kashe mana wannan abin, ni da zartona yake hana unguwa sakat tun safe. Saboda faɗana ya sayar da lasifikarsa ya koma hedifon. Ban taɓa tsayawa na ji kiɗansa har ƙarshe ba sai da babu shi.

Kwamfutarsa tana kan tebur. An ce da kebul na USB ake juye kiɗan a cikinta. Ki rubuto mini yadda ake yi dalla-dalla, da manyan baƙi, kin san idon babanki.

Ki gaida yara.
Babanki.

Zuwa ga Mamana,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin ƙaramar, zazzaɓin ya sauka? Takardarki ta iso, Allah ya yi miki albarka. Ki zauna kafin ki karanta sauran.

Kebul ɗin farko da na samu a durowa bai yi komai ba, mai shagon wayoyi ya ce na caji ne kawai, ya ba ni mai kan murabba'i. Na durƙusa ina lalubar ramin a bayan akwatin, ina kaffa-kaffa kada gwiwata ta danna wani abu. Ya shiga. Kwamfuta ta yi ƙilin, sunan akwatin ya fito kamar yadda kika ce. Na buɗe manhajar ɗaukar sauti, na danna jan maɓalli, na ga lokaci yana tafiya. Minti goma na ba shi, hedifon a kunnena.

Sai na taɓa akwatin na ji ya yi zafi kamar dutsen guga. Kwana ashirin da uku bai huta ba. Tausayinsa ya kama ni, na ce ai an gama. Da hannuna na kashe shi, Mamana. Babu wanda ya sa ni.

Ashe akwai saura a bayan takardarki, inda kika ce in zaɓi akwatin a cikin manhajar, in ba haka ba kwamfuta da makirufonta za ta ɗauka. Ban juya ba. Ni da nake auna katako sau uku kafin in yanka, ban saurara ko sau ɗaya ba kafin in kashe. Na sake kunna akwatin ya fi sau nawa, fitilar ba ta ƙara ƙiftawa ba.

Abin da kwamfutar ta ɗauka shi ne ƙarar fanka, da kukan kujera, da wani tsoho yana bin kiɗan da hanci, yana zamewa daidai inda Auta yake zamewa.

Ina cikin saurare sai ga Ummanku a bakin ƙofa, ta shigo har tsakiyar ɗakin. Ta tambaye ni me ya sa na ɗauki fitona a kwamfutar yaro. Na ce wane fito? Ta ce wanda nake yi in ina goge katako, tun kafin a haife ki, har da inda numfashina yake yankewa.

Kwana da kwanaki ina jin abin nan ban gane shi ba. Ɗana ya zauna a bayan bangon shagona yana saurarena, ya koyi har kuskurena, ni kuwa ina ce masa ya kashe. Wallahi zuciyata ta karye, ban san inda zan sa kaina ba.

Zan aiko miki da abin da aka ɗauka. Kada ki goge, shi kaɗai ya rage. Jiya na buɗe shago, na yi aiki har yamma, bakina a rufe.

Ki yi masa addu'a, ni ma ki sa ni.
Babanki.