Gilashinka Yana Cikin Jeren Inna

Tudun Wada, Laraba, damina ta 1993
Aikin farko yau: goge madubin gwajin jini.

Zuwa ga ƙanena Sunusi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da karatunka a Ingila. Allah Ya ƙara basira. Mu duk lafiya, gero ya fara fitar da kai.

Ka daina zargin gidan waya, gilashin madubin gwaji da ka aiko ya iso tuntuni. A wancan karon na sanar da kai na ga sabon rinin gwajin jini da gilashi rawaya a ƙunshin, ban ga shuɗin ba, wanda ka ce yana tace hasken rana ya bar launi ɗaya tak. Ashe Inna ce ta fara buɗe ƙunshin. Ta ga abu yana walƙiya, ta ɗauka tsarabarta ce, ta kafa shi tsakiyar jeren kwanukanta.

Makon jiya zazzaɓi ya kwantar da ita. Na duba jininta a asibitinmu da tsohon rini, ban ga komai ba, kuma ka san ni da rashin yarda da idona. Na rasa ko na sauro ne ko taifot, ga jiki yana ƙara zafi. Da na koma ɗakinta ɗibar jini na biyu, sai ga gilashin yana kallona daga saman langa. Na durƙusa na roƙa. Ta ce ɗanta na Turai ne ya ba ta, aro kawai za ta ba ni, in dawo da shi kafin magariba.

Na fitar da madubin tsakar rana, na bi bayaninka. Jinin ya yi duhu, ƙwayoyin zazzaɓin sauro suka kama haske, kore da ja. Ko mai shakka irina bai iya musu ba. Muka ba ta magani. Jiya ta ci tuwo har tana yi wa Suwaiba faɗan gishiri.

Yanzu kullum da safe ina aro, da yamma ina mayarwa. Don Allah ka aiko wani, kuma kada ka gaya mata ba nata ba ne.

Suwaiba da Baffa Ubale da Kyauta suna gaishe ka.

Yayanka,
Datti

Na gobe:
Kai wannan wasiƙa gidan waya.
Gyaran yoyon ɗakin gwaji.
Aron gilashi wurin Inna, bayan ta karya kumallo.