Na Musanya Amfilifayar Babana, Ya Daina Sauraron Muryar Mama

Malama, don Allah ki taimake ni kafin in ƙara ɓata abin da na riga na ɓata.

Babana mai gyaran rediyo ne, a shagonsa na tashi. Ban yi nisa a makaranta ba, amma ba abin da aka rubuta kan kayan sauti da ban karanta a waya ba, kuma bakina ba ya shiru. Shi kuwa Baba bai san sharhi ba, bai san taurari biyar da masu saye ke ba kaya a intanet ba. Duk amfilifayar da aka kawo, wato na'urar ƙara sauti, gwajinsa ɗaya ne. Akwai kaset ɗin da marigayiya mahaifiyata ta aika masa lokacin da ya yi wata doguwar tafiya, tana ba shi labarin gida tana dariya. Sai ya sa shi, ya rage sauti ƙasa-ƙasa, ya rufe ido. In ya ji ta, na'ura ta yi. In bai ji ta ba, ko ta zinariya ce a mayar.

Tasa tsohuwar amfilifayar kuwa ta gaji. Tana zafi kamar dutsen guga, maɓalli ɗaya sai an tokare shi da tsinken ashana. Wata uku ina bin sharhin masana, duk bakinsu ya zo ɗaya kan wata sabuwa. Ranar da ya je asibiti na ɗauki tsohuwar na kai wa dillali, na dawo da sabuwa. Wai in faranta masa.

Ya sa kaset. Ko minti ɗaya bai cika ba ya kashe, ya ce wannan ba ita ba ce. Nan na hau. Na zazzage masa lambobi, na ce mutum ɗari huɗun da suka yabe ta ba za su taru su yi ƙarya ba, na ce kunnensa ne ya mutu. A gaban telan da ke maƙwabtaka da mu fa! Sai daga baya yayata ta gaya min a ranar likita ya shaida masa jinsa na raguwa, kuma ba zai dawo ba.

Yanzu yana zuwa shago, yana aiki, amma kaset na cikin aljihun tebur. Na saurara ni kaɗai. Muryar ta fito tas, sai dai siririya, kamar ta mai karanta labarai. Ina ɗan shekara tara ta rasu, ban ma tabbata ina tuna muryarta ba. To wa zan gaskata, masana ko kunnen da ke mutuwa? In nemo wadda ta fi taurari ne? Har yanzu haushi nake ji, ban san na wa ba.

Mai Zafin Kai

Ɗana Mai Zafin Kai,

Allah ya jiƙan mahaifiyarka. Niyyarka mai kyau ce, kuma masanan ba ƙarya suka yi ba. Sun auna ƙarfi da tsabtar sauti da ƙarko, karatunka a nan yana da amfani. Amma a ɗakunansu suka saurara, da lasifikokinsu, kuma ba wanda ya taɓa jin mahaifiyarka a cikinsu. Sharhi yana rage maka na'urori ashirin su koma uku. Zaɓin ƙarshe na mai saurare ne. Wataƙila ma tsohuwar tana ƙara wa murya kauri, wanda a awo aibi ne, amma shekara da shekaru da shi babanka yake jin matarsa.

Kada ka sayi wata. Gobe ka je wurin dillalin. In tana nan, ka karɓo ta, ka gyara maɓallin da hannunka. In ta tafi, ka ware uku daga karatunka, ka roƙi Baba ku je tare da lasifikarsa, ya saurara, kai kuma ka kama bakinka. Kafin nan, da izininsa, a kwafi kaset ɗin, don zare yana tsinkewa. Ku kuma tambayi likita ko na'urar taimakon ji za ta yi masa amfani.

Amma fara da ba shi haƙuri, ba tare da lamba ko ɗaya ba. A gaban tela ka faɗi maganar, to a gabansa za ka janye ta. Kada ka jira haushinka ya huce, lokacin da ya rage wa kunnen Baba ba shi da yawa. In ya sake sa kaset ɗin, ka zauna kusa da shi, ka tambaye shi yadda take magana. Shi kaɗai zai iya koya maka wannan.

Allah ya ba shi sauƙi, ya sanyaya zuciyarka.