Layi Na Huɗu

Oshkosh, Wisconsin

Ƙanwata Marlys,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Gordon da jikoki. Yaya gwiwar taki? Ni da sauƙi, sai ƙaramin yatsan nan na hagu da ya ƙi lanƙwasuwa tun ciwon bara.

Ga abin dariya. Wata mata, Yolanda Pruitt, ta zo takanas daga Milwaukee, wai ta tsinci faifan tsohuwar ƙungiyarmu ta kiɗa, Ninth Silo, a shagon gwanjo. Faifan da Baba ya ce ko shanunsa ba za su saurara ba. Yanzu wai har daga Japan ake neman dogayen waƙoƙin nan namu da ba sa rawuwa. Ta ce da tsohuwar zuma ake magani.

Ta tambayi faifai na biyu, wanda ba mu gama ba. Kin tuna yadda muka yi: layin sauti huɗu a tef, kowa ya saka kiɗansa a nasa layin shi kaɗai. Duane ganga, Arlen jita, Curt sarewa. Kafin in saka fiyano muka watse. Su ukun sun riga mu gidan gaskiya, bi da bi, yadda suka shiga tef ɗin.

Tef ɗin ya tsufa ya yi danƙo, sai an gasa shi a tanda da 'yar wuta kafin ya juyu. Daga nan tana so in cike layina. Tsoro nake ji, Marlys. Muddin layin nan babu kowa, gani nake da sauran kwanana a duniya.

Yayanki,
Lowell

Ƙanwata Marlys,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ga saƙonki. Kin ce tsufa ya mai da ni mai camfi. To, saurara.

An gasa tef, muka kunna ranar Asabar da rana tsaka. Gangar Duane ta shigo, sai jita, sai sarewa. Sai fiyano.

Yolanda ta yi dariya ta ce, "Kai dattijo, ashe ka saka tuntuni kake ja mana rai?"

Wallahi ban taɓa sakawa ba. Amma buguna ne, na san hannuna kamar yunwar cikina. Da na kasa kunne, sai na ji hagun yana tsallake duk inda ƙaramin yatsa ya kamata ya taɓa. A wancan zamanin kuwa yatsana lafiya lau yake.

Da kiɗan ya ƙare, tef ɗin ya ci gaba da juyawa. Sai muryar Duane, da sunan tsokanar nan da yake kirana: "Yawwa Farfesa, sai yanzu? To, mun cika."

Yolanda murna take, ta ce ba sauran abin da zan ƙara.

Ki turo Gordon ya ɗauki karena a makon nan, yana son a jiƙa masa abincinsa. Tun ranar Asabar ya daina shiga ɗakin da nake.

Ki gaida kowa da kowa. Naki har kullum,
Lowell